Amsoshin Tambayoyinku: Wace Manhaja Zan Riƙe Don Rubuta Darasi a Tabilet?

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, ina shekara ta biyu. Yayana da ke aiki a Agadas ya aiko mini da tabilet ta hannu, ƙirar Samsung, don in rage kuɗin fotokwafi da na littattafan rubutu. Da safe muna ɗaukar darasi da Faransanci, malamai kuma suna turo mana takardu ta WhatsApp. Bayan sallar Magariba ina zuwa zauren wani malami a Birni, muna karanta Risala, ina rubuta fassara da ajami. Abokaina kowa da abin da yake yabo: wannan ya ce GoodNotes, wancan ya ce OneNote, wani ya ce Notion ce ta zamani. Na yi ta saukewa har megana ta ƙare, ban tsaya ga ko ɗaya ba. Don Allah wacce zan riƙe?

Daga wani mai karatu, unguwar Zango, Damagaram.

AMSA

Allah ya saka wa yayanka da alheri, kai kuma ya ba ka ilimi mai amfani. Ga amsar a taƙaice, kafin in warware maka ita: idan tabilet ɗinka tana karɓar alƙalamin S Pen, riƙe Samsung Notes, wadda ta zo a cikinta tun daga kamfani, ka goge sauran. Idan ba ta karɓa, ka haɗa OneNote da wata manhajar karanta PDF, ka bar ajaminka a takarda. Abokanka ba su yi maka ƙarya ba, kowa ya faɗi abin da ya yi masa aiki a tasa na'urar. Kai kuwa sai ka auna da abubuwa biyar: alƙalaminka, irin rubutunka, rezo da wutar garinku, aljihunka, da kuma yadda za ka fita da kayanka ranar da ka so barin manhajar.

Fara duba alƙalami

Ba ka faɗa mini lambar tabilet ɗin ba, ita ce kuwa mabuɗin maganar. Shiga saituna, ka gangara can ƙasa inda aka rubuta bayanin na'ura, za ka ga lamba mai farawa da SM. Idan ka ga SM-P610 ko makamanciyarta, to Galaxy Tab S6 Lite ce ke hannunka, wadda ta fara fitowa a 2020 tare da alƙalaminta. Idan ka ga SM-T500 ko SM-X200, to Tab A7 ce ko Tab A8, kuma waɗannan, har da Tab A9, ba su san S Pen ba ko da ka saya.

Ga dalilin da ya sa na fara da wannan. Alƙaluman tabilet iri biyu ne. Akwai mai bakin roba, wanda masu sayar da kayan waya ke da shi da araha. Shi yatsa ne kawai aka sa wa mariƙi: gilashin bai iya bambanta shi da tafin hannunka, don haka da ka jingina hannu za ka ga zane ya ɓata shafi, ga rubutu mai kauri. Akwai kuma alƙalami na gaske, irin S Pen ko Apple Pencil, wanda ke magana da na'urar. Da shi tabilet takan gane bakin alƙalami ta ƙyale tafin hannu, takan kuma ji nauyin dannawarka, layi ya yi kauri ko ya sirance kamar yadda alƙalamin kara ke yi. S Pen na Tab S6 Lite ba ya buƙatar caji, daga gilashin yake samun ƙarfinsa. Apple Pencil, da ya fito a 2015, sai an yi masa caji, kuma iPad mai sauƙin kuɗi ba ta fara karɓarsa ba sai daga ƙirar 2018.

Babu manhajar da za ta mayar da alƙalamin roba ya zama na gaske. Mutane da yawa sukan zargi manhaja, su goge wannan su sauke waccan, alhali matsalar tana bakin alƙalami. Idan tabilet ɗinka ba ta karɓar na gaske, kada ka wahalar da kanka da rubutun hannu na awa biyu a aji. Nemi ƙaramin madannai mai haɗuwa ta Bluetooth ka riƙa bugawa, ko ka yi rubutu a takarda ka ɗauki hotonsa da yamma.

Me kake rubutawa?

Kai da ka taso a Damagaram ka san bambancin allo da kundi. Allo a rubuta, a haddace, a wanke. Kundi kuwa a tara, a ɗaure, a adana har jikoki su gada. Manhajojin nan ma haka suka rabu. Google Keep, da ta fito a 2013, allo ce: lambar aji, ranar jarrabawa, saƙon cefane, abin da za ka goge jibi. Tana da sauƙi, ba ta da nauyi, amma ba za ka buɗe PDF a cikinta ka yi rubutu a kai ba. OneNote ta kamfanin Microsoft, wadda ke nan tun 2003, kundi ce: littafi, a cikinsa sassa, a cikin kowane sashe shafuka, daidai da tsarin shekara, zango da darasi. Samsung Notes, GoodNotes da Notability su ma kundaye ne, amma an gina su ne domin rubutun hannu.

Daga wasiƙarka na ga aiki uku: rubutu cikin sauri lokacin da malami ke magana, rubutu a kan takardun da ake turo muku, da ajamin zaure. Na biyun ne zai rage maka kuɗin fotokwafi, don haka shi ne babban ma'auni. Samsung Notes tana buɗe PDF kyauta, ka ja layi, ka shafa launi, ka yi sharhi a gefe, ka ƙara farin shafi a tsakiya idan wuri ya ƙare. Tana kuma ɗaukar murya tare da rubutu, ta yadda in ka dawo gida za ka ji abin da malam ke faɗi a daidai lokacin da ka rubuta wani layi. Sai dai ka nemi izini kafin ka ɗauki muryar kowane malami, na jami'a ko na zaure, ladabi ne kuma haƙƙinsa ne. Ka kuma tuna murya tana cika ma'ajiyar na'ura fiye da rubutu nesa ba kusa ba.

GoodNotes da Notability da ake yi maka kwaɗayinsu, a kan iPad suka yi suna, can ne ƙarfinsu yake. Wanda ya yaba maka su, bincika, mai yiwuwa iPad gare shi. Notion kuwa ta fi dacewa da masu bugawa da madannai da masu aikin haɗin gwiwa a ofis mai intanet ba yankewa. Ba a yi ta don alƙalami ba.

Wata fa'ida game da rubutun hannu: a 2014 wasu masana biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun wallafa bincike da ya nuna cewa ɗalibai masu bugawa a kwamfuta sukan kwafe maganar malami kalma bayan kalma, masu rubutu da hannu kuwa dole su taƙaita, kuma sun fi amsa tambayoyin fahimta. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba su sami tazara mai yawa haka ba, amma darasin bai tashi ba: taƙaitawa da kalmominka ita ce karatun. Akwai tsohon tsari da Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya fito da shi a shekarun 1950: ka ja layi a gefen shafi ka ware siririn wuri don tambayoyi, ka bar ƙasan shafi don taƙaitawa cikin layi biyu ko uku. Yana aiki a kowace manhaja, yana aiki a takarda.

Rezo, wuta da zafi

Yawancin masu yabon manhajoji a YouTube suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a lissafa shi da mega. Kai kana sayen mega ne daga Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, kana kallonta tana tsiyaya. Ba ka manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Damagaram da Maraɗi da ke sha daga layin Katsina suka ji a jika. Don haka duk manhajar da za ka riƙe, yi mata wannan gwaji: kashe intanet gaba ɗaya, rufe ta, sake buɗewa. Shin tsofaffin shafuka suna buɗuwa? Kana iya fara sabo? In ta tsaya tana juyi tana neman rezo, ba taka ba ce.

Samsung Notes takan ci wannan gwaji, domin a cikin na'urar take ajiye rubutu. OneNote da Keep ma suna aiki ba intanet bayan ka shiga da asusunka karon farko, sai su aika abin da ka rubuta idan rezo ya dawo. Shiga saituna ka ce kada su aika komai sai ta Wi-Fi, in ba haka ba hotuna da murya za su cinye maka mega kana barci. Ga masu bugawa da madannai akwai Joplin da Obsidian, waɗanda ke ajiye rubutu a na'urarka cikin tsari mai sauƙi da ake kira Markdown. Joplin kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta.

Sai zafi. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da na'urorinsa tsakanin digiri 0 da 35, sauran kamfanoni ma kusan haka suke cewa. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Damagaram yakan haura 40. Kada ka bar tabilet a ƙarƙashin kujerar babur ko a bakin taga, kada ka yi mata caji tana kan katifa. Rage hasken gilashi, domin shi ne ya fi shan batir. Lokacin hunturu kuma ka riƙa share ƙura da tsumma mai laushi kafin ka fara rubutu, don yashi tsakanin bakin alƙalami da gilashi karce yake bari.

Faransanci, boko da ajami

Nan ne tambayarka ta bambanta da ta ɗalibin Faris ko Landan. Manhajojin rubutun hannu suna alfahari da cewa suna karanta rubutunka su mayar da shi bugu, ko su nemo maka kalma a cikinsa. Da Faransanci wannan yana aiki sosai idan hannunka mai kyau ne. Nebo, ta kamfanin MyScript da ke birnin Nantes a Faransa, ta yi fice a wannan fanni, Samsung Notes ma tana yi. Sauke kunshin harshen Faransanci sau ɗaya inda akwai Wi-Fi, ka huta.

Da Hausar boko sai ka yi hattara da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Manhajar da aka saita a Faransanci za ta karanta ƙ a matsayin k, ko ta sauya maka kalmar gaba ɗaya da wata ta Faransanci. Idan bugawa za ka yi, sa madannan Gboard ka zaɓi Hausa, haruffan suna nan. Ka kuma tsaya ga tsari ɗaya, domin a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuwa an fi rubuta y da waƙafi a gabanta. In ka gauraya su, ranar da ka nemi kalma rabin wuraren da take ne kawai za su fito. Maganar nan za ta ƙara nauyi nan gaba, tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Ajami kuwa, kada ka bar wata manhaja ta ce za ta mayar maka da shi bugu. Dalili a fili yake. Rubutun da muka gada a tsangayu na Warshu ne, hannun Magrib: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Manhajojin da suka iya Larabci kuwa da hannun Gabas aka horar da su, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ke da biyu. Ka ga ke nan duk ƙaf ɗinka fa za ta zama a wurinsu. Ga kuma imala, ɗigon nan na ƙasa da muke nuna wasalin e da shi, ga haruffan da malamanmu suka ƙara wa ɗigo don sautukan Hausa. Abin farin ciki shi ne, rubutun hannu a tabilet zane ne, yadda ka ja shi haka zai zauna, ba ruwansa da ko na'ura ta san harafin. Saboda haka rubuta ajaminka da alƙalami, amma kan kowane shafi ka buga take da boko: sunan littafi, babi da kwanan wata. Da wannan taken za ka riƙa nemo shafin. In akwai Risalar a PDF, buɗe ta ka riƙa sa fassara tsakanin layuka da sharhi a gefe, yadda almajiran ilimi ke yi tun da can. Ka fara shaida wa malam, kada ya ga haske a hannunka ya zaci hira kake yi a waya ana karatu.

Kuɗi

Kalmar kyauta a kasuwar manhajoji tana da wutsiya. Evernote ta daɗe tana kan gaba, sai kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta, a watan Disamba na 2023 aka taƙaita masu amfani da ita kyauta ga rubutu 50 da littafi ɗaya tak. Notability ta koma tsarin biyan kuɗi duk shekara a watan Nuwamba na 2021, sai da waɗanda suka riga suka saya suka yi ca a kanta kafin ta sassauta musu. GoodNotes 6, da ta fito a 2023, littafi uku ta ba mai kyauta. Squid, wadda ke da daɗin rubutu a Android, tana barin ka rubuta kyauta, amma shigo da PDF sai ka biya.

Lissafa da kuɗinmu. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Manhajar yuro 10 a shekara ta kama sefa 6,560, jika shida da rabi da ƴan kai, kuma badi ma sai ka sake biya. A shekara uku na lisans kuɗin ya doshi jika 20. Ga shi yawancinsu katin banki irin Visa ko Mastercard suke nema, wanda ba kowane ɗalibi ke da shi ba. Kada kuma wannan ya kai ka ga manhajar sata da ake turawa ta Xender ko a shafukan da ba a san mai su ba. Irin waɗannan sukan zo da ɓoyayyen sharri, ga lambobin sirrinka da hotunan iyalinka duk a na'ura ɗaya.

Ƙofar fita

Wannan ne abin da abokanka ba su faɗa maka ba, kuma shi na fi so ka riƙe. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu da ya rasu a 1884, ayarin fatake daga Tarabulus kan yada zango a Damagaram, cikin kayansu har da takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Wasiƙu da littattafan da malamai suka rubuta a irin wannan takarda a ƙasashen Hausa da Barno, waɗanda suka tsira daga gara da ruwa, har yau duk mai ilimi zai buɗe ya karanta, ba ya neman izinin kowa. Rubutun manhaja ba haka yake ba. Kowane kamfani yana da nasa tsarin ajiya da shi kaɗai ke buɗewa. Samsung Notes da nake yaba maka ma tana da wannan aibi: in gobe ka koma Tecno, Itel ko iPad, ba za ta bi ka ba. Manyan kamfanoni ma sukan rufe kayansu, kamar yadda Google ya rufe allon rubutunsa Jamboard a ƙarshen 2024.

Maganin abu ne mai sauƙi. PDF, da kamfanin Adobe ya ƙirƙiro a 1993, ya zama ma'aunin duniya tun 2008, kowace waya da kowace kwamfuta suna buɗe shi, kowane mai shagon fotokwafi zai buga maka shi. Duk ranar Juma'a ka fitar da rubutun makon a PDF, ka ba shi suna mai ma'ana, shekara, darasi da mako. Ka ajiye shi wuri uku: cikin tabilet, cikin katin memori ko filas da ke zaune a gida, da kuma ma'ajiyar intanet. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, Microsoft na ba da 5. Tabilet takan faɗi, takan ɓata, akan sace ta a tasha. Na'ura ana sake saye, rubutun shekara uku kuwa ba a kasuwa yake ba. Kafin ka amince da kowace manhaja, tabbatar tana fitar da PDF ba tare da ta ce ka biya ba. OneNote ta Android tana da rauni a nan, fitar da littafi sukutum ya fi sauƙi a kwamfuta, don haka in ita ka zaɓa ka riƙa leƙa kwamfutar wani aboki ko ta shagon intanet duk ƙarshen zango.

Tunda tabilet ɗinka ta hannu ce, ƙara da wannan: ka tabbata an cire asusun Google da na Samsung na mai ita na farko, ka sa naka, ka rubuta lambar sirrin a takarda ka adana. In ba haka ba, ranar da aka wanke na'urar za ta kulle tana neman asusun mutumin da ba ka sani ba.

Abin da za ka yi wannan makon

Duba lambar tabilet. In mai S Pen ce, buɗe manyan jakunkuna biyu a Samsung Notes, ɗaya ta jami'a ɗaya ta zaure, kowane darasi da tasa ƙaramar jaka, ka bar Keep don ƙananan saƙonni. In ba mai S Pen ba ce, OneNote don bugawa, Adobe Acrobat Reader don ja wa PDF layi, ajami kuma a takarda da tawada, kana ɗaukar hotonsa kana sakawa ƙarƙashin take. Ka yi mako biyu cur da zaɓinka ba tare da ka sauke wata ba, ko wa ya yabe ta. Ranar jarrabawa ba za a tambaye ka sunan manhajarka ba, abin da ka fahimta za a tambaya. In ka ci karo da wata matsala, sake rubuto mana tare da lambar na'urar, sai mu duba ta tare. Ka gaishe da yayanka, Allah ya ba da sa'ar karatu.